Babi na Biyar: Wa Zai Tambayi Gwamna?

A watan Disamba na 2009, wata Babbar Kotun Tarayya da ke zama a Asaba ta yi watsi da tuhume-tuhume 170 da hukumar EFCC ta shigar a kan James Ibori, wanda ya mulki Jihar Delta daga 1999 zuwa 2007. Alƙali ya ce babu hujjar da za ta sa a ci gaba da shari'a, Ibori ya kaɗe rigarsa ya tafi gida. Shekara biyu da 'yan watanni bayan haka, a Fabrairun 2012, mutumin nan ya tsaya gaban wata kotu a Landan, ya amsa da bakinsa cewa ya aikata zamba da safarar kuɗin haram da yawansu ya kai kimanin fam miliyan 50. A watan Afrilu aka yanke masa ɗaurin shekara 13. Mutumin dai shi ne, dukiyar da ake magana a kanta ta al'ummar Delta ce, shekarun da aka yi ɓarnar ma su ne. Abin da ya bambanta shari'o'in biyu shi ne wurin da aka yi su. A Asaba, Ibori yana tsakiyar mutanen da ya naɗa, da waɗanda ya ba kwangila, da waɗanda ya ɗaura wa 'ya'yansu aure. A Landan kuwa, babu wanda ya taɓa cin ladansa, balle ya zama dole a yi masa aski.

Idan aka bi jerin gwamnonin da suka ɗanɗana kuɗarsu tun komawar Najeriya mulkin farar hula a 1999, za a ga zare ɗaya ya ratsa su. Joshua Dariye na Filato, 'yan sandan Landan ne suka fara kama shi a 2004, ya tsallake beli ya dawo kan kujerarsa. Diepreye Alamieyeseigha na Bayelsa, a Landan aka kama shi a Satumban 2005, aka samu tsabar kuɗi kusan fam miliyan 1 a gidansa na can, shi ma ya sulale ya dawo Yenagoa. Jolly Nyame na Taraba da shi Dariyen, wata kotu ce a Abuja ta ɗaure su a 2018, shekara 11 bayan sun sauka daga mulki. A cikin waɗannan duka, babu wanda majalisar dokokin jiharsa ta fara bankaɗo shi, babu wanda rahoton mai binciken kuɗin jiharsa ya kai shi ƙasa, babu wanda kwamishinan shari'ar jiharsa ya gurfanar. Ko tsige Alamieyeseigha da majalisar Bayelsa ta yi a Disamban 2005, sai da Abuja ta matsa mata lamba, bayan duniya ta riga ta ga abin kunyar. Wannan shi ne bakin zaren da wannan babi zai bi: satar gwamnoni ta yi ƙamari ne saboda a cikin jiha, a lokacin da gwamna yake kan mulki, babu wanda yake da ƙarfin tambayarsa ina kuɗi suka tafi. Duk tambayar da ake yi masa daga nesa take zuwa, kuma sai bayan an gama ɓarna, wato ihu bayan hari.

Sai a fara daga inda kuɗin suke fitowa. Kowane wata kwamishinonin kuɗi na jihohi 36 suna hallara a raba abin da ya shigo asusun tarayya, wanda shekara da shekaru man fetur ne ƙashin bayansa. Bisa tsarin rabon da aka daɗe ana bi, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60, bayan an ware wa jihohi masu arzikin mai kashi 13 nasu na musamman. In ka cire Legas da wasu 'yan tsiraru, yawancin jihohi da wannan kason wata-wata suke biyan albashi, da shi suke komai. Illar wannan tsari ga riƙon amana babba ce. Ɗan kasuwar da aka tatsi haraji daga aljihunsa yana jin zafin kuɗin, zai so ya san abin da aka yi da su. Kuɗin da suka sauko daga Abuja kuwa, talaka bai ga shigarsu ba, bai san adadinsu ba, don haka idan gwamna ya haƙa rijiyar burtsatse a unguwa sai a ɗauke ta kamar kyauta daga aljihunsa, a yi ta godiya, a sa wa jarirai sunansa. Gwamnan da ba ya buƙatar harajin mutanensa don ya tafiyar da mulki, ba ya jin dole ya yi musu bayani.

Daga nan sai ƙofofin da tsarin ya bari a buɗe. Ta farko ita ce kuɗin tsaro, waɗanda ake ware wa gwamna kowane wata ya kashe yadda ya ga dama, ba rasit, ba bincike, da hujjar cewa harkar tsaro sirri ce. Wani rahoto da ƙungiyar Transparency International ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan kuɗaɗe a Najeriya suna kai dala miliyan 670 a shekara. Babu mai musun cewa tsaro yana buƙatar sirri a wasu wurare, amma asusun da ba wanda zai taɓa leƙawa, ajiyar nama ce a hannun kura. Ƙofa ta biyu ita ce asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Kason ƙaramar hukuma yana bi ta hannun jiha, jiha ta yanke abin da ta yanke da sunan ayyukan haɗin gwiwa, ta miƙa ragowar da da ƙyar take biyan albashi. Shugaban ƙaramar hukumar da ya kamata ya yi ƙorafi, sau da yawa kantoma ne da gwamna ya naɗa, ko kuma zaɓaɓɓe ne a zaɓen da hukumar zaɓe ta jiha ta shirya, wadda gwamna ne ya naɗa mambobinta, shi ya sa jam'iyya mai mulki take lashe kujeru kaf ko kusan kaf a kowace jiha, ko wace jam'iyya ce. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. Hukunci ne mai kyau, sai dai muddin gwamna ne yake zaɓar wanda zai zama ciyaman, kuɗin za su iya shiga asusun ƙaramar hukuma da safe su koma inda suka saba da yamma.

Tsarin mulki ya yi tanadin masu gadi a cikin jiha, kuma a takarda suna da ƙarfi. Majalisar dokoki ce take amincewa da kasafin kuɗi, ita take da ikon kiran kowane kwamishina ya yi bayani, ita take karɓar rahoton babban mai binciken kuɗi na jiha. A aikace kuwa, gwamna shi ne jagoran jam'iyya a jiharsa, shi yake yanke wanda zai samu tikitin takarar majalisa, shi yake nuna wanda zai zama kakaki, kuma shekaru da dama daga hannunsa kuɗin gudanar da majalisar suke fitowa. Ba banza ba jama'a suke kiran irin waɗannan majalisu 'yan amshin Shata. Kwamishinan shari'a, wanda yake da ikon shigar da ƙara ko janye ta, ɗan majalisar zartarwar gwamna ne, ana iya sallamarsa da sanarwar rediyo. Wanda yake son ya auna biyayyar majalisun jihohi, ya dubi dokokin fansho da da yawansu suka yi wa tsofaffin gwamnoni: gidaje, motocin da ake sauyawa bayan 'yan shekaru, masu hidima, da alawus na har abada, a jihohin da malamin firamare yakan yi ritaya ya mutu bai karɓi haƙƙinsa ba. A Zamfara, sai da wasiƙar tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ta fito fili a 2019, inda yake neman a biya shi naira miliyan 10 na kowane wata da doka ta tanadar masa, sannan majalisa ta soke dokar cikin gaggawa, kuma hakan ya yiwu ne don gwamnan da ke kan kujera a lokacin ɗan wata jam'iyya ne. A Kano, lokacin da jaridar Daily Nigerian ta fitar da hotunan bidiyo a 2018 da aka yi zargin suna nuna Gwamna Abdullahi Ganduje yana karɓar daloli daga ɗan kwangila, zargin da ya musanta, majalisar jihar ta kafa kwamitin bincike, amma kotu ta dakatar da shi bisa hujjar cewa binciken laifi aikin hukumomin tsaro ne. Su kuma hukumomin ba su iya gurfanar da gwamna mai ci. Ta haka aka rasa inda za a tantance gaskiya, ko don a wanke shi ko don a kama shi.

Nan ne mai karatu zai ce ai an zo wurin: rigar kariya ce tushen matsalar, a cire sashe na 308 kawai a huta. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin sashen ya hana a kama ko a gurfanar da shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna da mataimakinsa muddin suna kan mulki. Amma akwai abubuwa biyu da masu wannan ra'ayi sukan tsallake. Na farko, tun 2002, a shari'ar da Gani Fawehinmi ya shigar da Sufeto Janar na 'yan sanda, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa rigar kariya ba ta hana a binciki gwamna, gurfanarwa kawai ta hana. Na biyu, rigar tana faɗuwa ranar da aka miƙa mulki, sai a duba abin da yake faruwa bayan ta faɗi. Peter Odili na Ribas ya samu umarnin kotu da ya hana EFCC taɓa shi, umarnin da ya yi shekaru yana aiki. Lucky Igbinedion na Edo ya yi sulhu da masu gabatar da ƙara a 2008, aka ci shi tarar naira miliyan 3.5, kuɗin da ba su kai na mota ɗaya a jerin gwanon gwamna ba. Orji Uzor Kalu na Abiya an yanke masa shekara 12 a Disamban 2019, bayan shari'ar da ta ɗauki shekara 12 ita ma, sai Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin a Mayun 2020 saboda alƙalin da ya yanke shi an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake sanye da rigar kariya a lokacin. Abin da ya kare su shi ne dukiya da alaƙar da suka tara cikin shekara 8 da ba mai tambayarsu. Idan aka cire sashe na 308 aka bar sauran tsarin yadda yake, kwamishinan shari'ar jiha ba zai gurfanar da ubangidansa ba, sai dai a miƙa wa shugaban ƙasa sabuwar bulalar dukan gwamnonin adawa.

Tarihin tsige gwamnoni ya ƙara nuna haɗarin. Gwamna na farko da aka tsige a Najeriya shi ne Balarabe Musa na tsohuwar Jihar Kaduna a 1981, mutumin da ko maƙiyansa ba su iya nuna gidan da ya gina da kuɗin jama'a ba. Laifinsa shi ne shi ɗan PRP ne, majalisa kuma NPN ce ke da rinjaye. Dariye kuwa, wanda daga baya kotu ta tabbatar ya ci amana, 'yan majalisa 6 cikin 24 ne suka tsige shi a 2006 cikin tsauraran matakan tsaro, abin da ya sa kotu ta mayar da shi kan kujera a 2007. An yi amfani da makamin a kan mai gaskiya don siyasa, an kuma yi amfani da shi a kan mai laifi ta hanyar da ta saɓa doka. A duka biyun, majalisa ba ta yi aiki a matsayin idon jama'a ba, ta yi aiki ne a matsayin sandan wani babba.

Wasu kuma sukan ce maganin abin shi ne shugaba mai ƙarfi a Abuja, wanda ba sani ba sabo. Najeriya ta gwada wannan fiye da sau ɗaya. Bayan Murtala Muhammad ya karɓi mulki a 1975, binciken da aka yi ya samu gwamnoni 10 cikin 12 na zamanin Gowon da laifin almundahana, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma kaɗai suka fita. A 1984 kotunan soja na gwamnatin Buhari suka yanke wa gwamnonin Jamhuriya ta Biyu da dama ɗauri na shekaru masu yawa, gwamnatin Babangida ta zo ta sake su. Da tsoro kaɗai yana hana sata, da gwamnonin 1999 sun zo da tsarki. A zamanin farar hula ma haka abin yake, hannun da ya kama shi yake saki. Nuhu Ribadu, shugaban EFCC na lokacin, wanda ya ce Ibori ya ba shi toshiyar dala miliyan 15 ya miƙa su ga Babban Bankin Najeriya, an ɗauke shi daga EFCC aka tura shi kwas a Kuru makonni kaɗan bayan kama Iborin a ƙarshen 2007. Goodluck Jonathan ya yi wa tsohon ubangidansa Alamieyeseigha afuwa a 2013. A Afrilun 2022, gwamnatin Buhari, wadda ta hau mulki da alƙawarin yaƙi da rashawa, ta yi wa Dariye da Nyame afuwa ta hannun Majalisar Magabata ta Ƙasa, bayan Kotun Ƙoli ta riga ta tabbatar da laifinsu. Duk gwamnan da ya kalli wannan tarihi zai koyi darasi ɗaya: ya yi zaman lafiya da Abuja, ya nemi kujerar sanata idan ya sauka, in ta ƙi ya sauya sheƙa zuwa jam'iyya mai mulki.

Akwai ƙorafi na uku da ya fi sauran nauyi, wato cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jama'a ne suke cika ƙofar ɗan siyasa da buƙatun suna da biki da kuɗin asibiti, su ne suke karɓar taliya da atamfa ranar zaɓe, su ne kuma suka yi cincirindo a Oghara, garinsu Ibori, a 2017 suna tarbar Ibori kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Ba za a ce wannan ƙarya ba ne. Amma ya kamata a tambayi wanne ya haifi wanne. Mutumin da asibitin garinsa yake da magani ba ya kwana a ƙofar kwamishina da takardar likita a hannu. Idan aka karkatar da kuɗin asibiti zuwa aljihu, sannan aka riƙa fito da kaɗan daga ciki ana rabawa da sunan taimako, an mayar da haƙƙi ya zama alfarma, kuma wanda ya karɓi alfarma bakinsa ya mutu. Talakan da ya karɓi naira dubu biyu ranar zaɓe ya yi lissafinsa ne bisa abin da ya gani, cewa wannan ne kaɗai rabon da zai taɓa shiga hannunsa cikin shekara 4. Ɗora laifin a kan halin jama'a yana da daɗi ga masu mulki, domin idan kowa mai laifi ne, babu wanda za a kama.

Daga wannan tunani ne maganar nan ta fito da ake yawan ji a majalisun hira, cewa wane ya ci amma ya yi aiki. Matsalarta ita ce tana auna abin da ido ya gani, tana manta abin da aka hana shi wanzuwa. Kuɗin da kotu ta samu Dariye da karkatarwa, sama da naira biliyan 1, an ware su ne don magance zaizayar ƙasa da gyaran muhalli a Filato, jihar da haƙar kuza ta bar wa ramuka da kududdufai masu cin rayuka. Babu wanda zai ɗauki hoton ramin da ba a cike ba ya sa a allon talla. Sannan son kashe-mu-raba shi kansa yana karkatar da zaɓin aiki. Gadar sama a babban birnin jiha kwangila ce guda mai biliyoyi, ana iya cusa kaso a cikinta, ana iya buɗe ta da kaɗe-kaɗe. Biyan malamai dubu ashirin albashi a kan kari, ko sayen allurar rigakafi, ba ya kawo kaso mai tsoka. Shi ya sa ake samun jihohin da manyan biranensu suke ƙyalli da fitilu alhali yaran karkara suna karatu a ƙasa. Wanda ya ci ya yi aiki, aikin da ya zaɓa ma cin ne ya zaɓa masa shi.

Idan an yarda cewa ciwon a cikin jiha yake, to a can maganin zai fi tasiri, kuma akwai alamar cewa abin yana motsi idan aka matsa. Shirin SFTAS da Bankin Duniya ya fara a 2018 da dala miliyan 750 ya gindaya wa jihohi sharaɗin wallafa kasafin kuɗinsu da rahoton binciken asusunsu a intanet kafin su samu tallafi, kuma cikin 'yan shekaru jihohin da a da kasafinsu sirri ne suka fara wallafawa. Gyaran tsarin mulki na 2018 ya ba majalisun jihohi da ɓangaren shari'a 'yancin karɓar kuɗinsu kai tsaye, ko da yake gwamnoni sun daɗe suna jan ƙafa wajen aiwatarwa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 tana nan, duk da jihohi da yawa sun yi shekaru suna cewa ba ta hau kansu ba. Abin da ya rage shi ne a sa kuɗin tsaro ƙarƙashin binciken wani kwamitin majalisa ko da a sirrance, a raba muƙamin mai gabatar da ƙara da na kwamishinan siyasa, a kuma ƙwace zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun gwamna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai mayar da mugu nagari. Amfaninsu shi ne su sa sata ta yi wuya tun ranar da za a yi ta, maimakon a yi shekara 11 ana bin sawu.

Takardar da aka wallafa ba ta tambayar kowa da kanta, sai an samu mai karanta ta. A nan ne mai zaɓe yake da abin yi da ya fi kusa da shi fiye da yadda yake zato. A yawancin jihohi, ranar zaɓen gwamna ita ce ranar zaɓen ɗan majalisar jiha, amma yawancin mutane jam'iyyar gwamnan da suke so suke dangwala wa a duka takardun biyu, ba tare da sun san sunan wanda suka tura majalisa ba. Gwamna yana da nisa, yana bayan katanga da jiniya. Ɗan majalisar jiha kuwa ɗan unguwa ne, ana haɗuwa da shi a masallacin Juma'a ko coci, a wurin ɗaurin aure, a zaman makoki. Doka ta ba majalisar da yake ciki ikon ganin kowace takardar kwangila da kowane rahoton mai binciken kuɗi. Ranar da mutanen mazaɓarsa suka daina tare shi da takardar asibiti, suka fara tare shi da tambayar nawa ƙaramar hukumarsu ta samu a watan jiya da inda kuɗin suka shiga, zai koma zauren majalisa da tambayar a bakinsa, ko don ya tsira da kujerarsa.